Shanya a Kan Wayar Inji

Ni mace ce mai tsoro. Duk gidan hayarmu na Tirkaniya an san ni da haka, ni ma ban taɓa musu ba. Shekarar da na haifi 'yata ta fari, wadda muke kira Hajiya saboda sunan surukata aka sa mata, abin ya ƙaru. In ta yi barci mai nauyi sai in ɗora tafin hannuna a ƙirjinta, in ji yana hawa yana sauka, sannan in koma kan wanke-wanke. Kafin in gama ɗauraye tukunya na sake dawowa. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar kudancin jiha mai tuyar ƙosai a ƙofar gida, wadda kowa ke kira Mama, takan leƙo ta ce, "Amarya, ki bar yarinyar nan ta yi barcinta. Numfashin nata ne, ba aro kika ba ta ba."

Amma ba Hajiya ce ta fi hana ni sukuni a shekarar ba. Babanta ne.

Ma'aikacin lantarki ne a wani kamfanin niƙa abincin kaji a Kudenda. Tun da aka kawo ni gidansa, a zatona aikin nasa bai wuce canza ƙwan fitila da gyaran soket ba, don shi yake yi wa mutanen gidanmu kyauta ranar hutu. Sai wata rana ya manta kular abincinsa a kan tabarma. Na goya Hajiya, na shiga keke, na kai masa. Baba mai gadi ya ga goyo, ya ga kula, ya ce in je bakin ƙofar ɗakin niƙa in ɗaga masa hannu, kada dai in tsallake jan layin da ke ƙasa.

Ƙara ce ta fara tarata, irin wadda mutum ke ji har a haƙoransa. Ƙurar masara ta yi wa kowa furfura, yaro da babba. Can ciki na hango shi durƙushe a gefen wani inji da ya fi ɗakinmu girma. Yana riƙe da doguwar sukudireba, ya kafa bakinta a jikin ƙarfen, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido kamar mai sauraron karatu. A gefen kafaɗarsa kuwa wani baƙin bel ne ke gudu, gudun da ido ba ya iya bi. Tsakaninsa da hannun rigarsa bai kai tsawon ludayi ba. Iskar bel ɗin ma kaɗa rigar take yi.

Ban san na saki kular ba sai da na ji ɗumin miya a ƙafata.

Da yamma ya zauna yana lallashina. "Maman Hajiya, ba wani abu ba ne fa. Akwai boris a cikin injin, wasu 'yan ƙwallayen ƙarfe da sandar injin ke juyawa a kansu. In sun fara lalacewa, muryarsu takan canza tun kafin su watse. Wanda ya ji da wuri ya ceci inji. Ni kunnena ya fi na kowa a wurin, shi ya sa ake tura ni."

"Su tura mai kamfanin."

"Ke ma ai haka kike yi wa Hajiya, kina ɗora mata hannu."

"Hajiya ba ta da bel."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ni ban yi ba. Washegari na kwaso rigunan aikinsa duka, na zauna da zare da allura na tsuke hannuwansu da gefunansu, don kada a bar wani abu yana lilo. Ya dawo ya ce abokan aikinsa sun yini suna tambayarsa ko rigar ƙanensa ya ara. Na ce su yi ta tambaya, ni ba zan warware ba.

Da bazara ta shigo, kamfanin ya ɗauki sabuwar injiniya, wata mata da ke zaune a Romi, suna ce mata Madam. Ita ta zo da wasu 'yan ƙarafa masu kama da babban batirin tocila. Sansa suke ce musu. Ni kunne na sa musu, har shi ma ya koma faɗin haka a gida. Ana ɗaure kunnen a jikin inji daidai inda boris yake, ya riƙa jin rawar ƙarfen, waya ta ɗauki abin da ya ji ta kai wa kwamfuta a ofis, can a wani ginin daban. A fuskar kwamfutar wani layi ne ke tafiya. In inji yana lafiya, layin na kwance yana ɗan motsi. In boris ya fara ciwo, sai ya riƙa tsalle.

"To kai fa?" na tambaye shi.

"Ni in zauna a kujera in kalli layi."

"Sukudirebar fa?"

"Ta huta."

Manaja bai cika son abin ba. Ya ce a gwada a babban injin kawai. In ya yi, a sa wa sauran. In bai yi ba, a mayar da kunnuwan cikin kwalinsu, kowa ya koma yadda ya saba. Madam ta ce kunnen ba shi da matsala, wahalar duk a waya take, don tsakanin injin da ofis akwai tafiya. Ta ɗora wa Baban Hajiya aikin nemo wa wayar hanya, tunda shi ya san kowane lungu na kamfanin.

Tun daga ranar na sa waya a cikin addu'ata. Iyaye, miji, 'ya, sai waya.

Shi mutum ne da ba ya yarda da abu a takarda sai ya gan shi a ƙasa. Wata Asabar bayan la'asar ya kwance igiyar shanyata, ya mirgino turmin Mama tsakiyar gida ya ce shi ne inji. Ƙofar ɗakinmu ofis. Ɗakin telan da ke kusa da mu rumfar mai walda. Wayar wutar da ta ratsa saman gidan kuwa ita ce manyan wayoyin da ke ciyar da injina. Ya ce in tsaya a ofis in jira igiya ta iso ni.

"Miƙo ta kawai mana," na ce, "daga turmi zuwa nan."

"Nan motar ɗaukar buhu take bi. Kwana za ta yi ta tsinke."

"To bi da ita ta sama, inda sauran wayoyin suke. Ga hanya an riga an yi."

Ya ce wannan ne babban kuskuren da kowa ke fara yi. Muryar da kunnen ke aikowa siririya ce, kamar raɗa. In ta yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta mai ƙarfi, sai hucin waccan ya shiga cikinta, kafin ta isa ofis ba a san wanne ne maganar inji, wanne ne surutun hanya ba. In ya zama dole su haɗu, to ta tsallake ta kai tsaye yadda ake tsallaka titi, kada ta bi gefenta.

Mama na gefe tana tsintar wake. Ta ce, "Ashe ita ma wayar ana hana ta yawo da miyagun ƙawaye."

"Haka ne, Mama."

"To ka kula mini da turmi, kada injin naka ya tsage."

Ya ci gaba. Kada ta bi gindin bango ta wajen rumbun masara, saboda ɓeraye. Kada ta matsi rumfar mai walda. In ta yi saura, kada a naɗe ta a rataye don gobe yadda masu lantarki suka saba, a yanke kawai, ko da ransa ba ya so. Kusa da kunnen kuma a ɗaure ta tam da jikin inji, don kada ta riƙa kaɗawa tana ƙara tata rawar a kan ta inji. Duk abin da ya faɗa sai ya zagaya da igiya. Ta bi ta bayan randa, ta haye katangar banɗaki, ta kauce wa ƙofar tela, har ta ƙare ba ta iso ni ba. Ya miƙo hannu ya zare ɗankwalina ya ƙulla.

"Ƙara mata tsawo," na ce. "In da hali ma a mayar da ofishin Makera."

"Ba a son tsawon ya yi yawa. Muryar gajiya take yi a hanya. Siraran sautukan ne ke fara zubewa, su kuwa ake nema."

A nan muka saɓa. Shi gajeriyar hanya mai tsabta yake nema. Ni kuwa duk taƙin da aka ƙara wa wayar nan, a wurina taƙi ne tsakanin rigarsa da bel.

A ƙarshe ya samo hanyar da ta kwanta masa. Wayar ta fita ta tagar bayan ɗakin niƙa, ta ratsa filin baya, ta shiga ofis ta taga. A filin nan babu wayar wuta, babu walda, mota ba ta shiga, ɓera ba shi da abin ci. Famfo ne kawai da wata bishiyar dogon yaro. Tunda gwaji ne, ba za a sa ta a bututu ba tukuna. Ya je ranar Lahadi, kamfani a rufe, ba kowa sai Baba mai gadi, ya ja ta daga bango zuwa wani turken ƙarfe, daga turken zuwa ɗaya bangon, a miƙe tsaf, daidai inda hannunsa ke kaiwa ba sai da tsani ba. Naɗin farko bai kai ba, sai ya yi haɗi a tsakiya ya naɗe da tef. Ya dawo gida yana 'yar waƙa, ya ɗaga Hajiya sama har na ce ya sauke mini 'ya.

Litinin da safe layi ya kwanta lafiya lau. Madam har ta kira Manaja ya zo ya gani. Rana na yin tsaka, layi ya haukace, yana tsalle kamar boris zai fashe yanzu-yanzu. Aka kashe inji a gaggauce, aka kwance, aka duba. Boris ƙalau, har ƙyalli yake yi. Rabin yini ya tafi a banza, motocin masu kaji sun yi layi a ƙofa.

Washegari haka. Wanshekare haka. Da safe lafiya, da tsakar rana hauka, kafin la'asar ya kwanta kamar ba shi ya yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk lokacin da layin ya yi tsalle, wa ake turawa ya je ya tabbatar? Shi, da sukudirebarsa. Abin da aka kawo don ya raba shi da bel sai ya ninka masa zuwa wurin bel.

Shi da Madam ba abin da ba su duba ba. Sun canza kunne. Sun roƙi mai walda ya huta yini guda, bai hana ba. Kullum da safe kafin a tayar da inji, da yamma bayan an tashi, yakan bi wayar daga farko har ƙarshe yana shafa ta. Ba yanka, ba cizon ɓera. Da tsakar rana kuwa yana tsakanin kwamfuta da inji, a guje ta ƙofar gaba, gumi na zuba. Ranar Juma'a Manaja ya ce ya ba su mako mai zuwa. In layin bai natsu ba, a kwance komai.

A makon nan abinci ba ya wuce mini. Mama ta dube ni ta ce nonona ma zai gudu, ta dama mini kunun kanwa ta tsaya a kaina sai da na shanye. "Ke da mijinki duk kun zama kamar an jiƙa ku an matse. A kan waya!"

Ranar Asabar ya fito da ragowar wayar da ya taho da ita. Ya ce wataƙila ita ce jabu tun daga shago, tana da ciwo a ciki wanda zafin rana ke tayarwa. Zai miƙe ta a rana ya auna ya gani. Da hantsi ya ɗaure ta daga ƙarfen tagarmu zuwa icen gwaibar da ke kusa da famfon gida. Baƙa ce, mai santsi, kaurinta kamar ƙaramin yatsa, ta miƙe ba ko lanƙwasa. Sai mitarsa ta awon wuta ta ƙi tashi. Ya ce zai je Makera ya aro ta abokinsa.

"Maman Hajiya, ki kula. Kada kowa ya taɓa."

Na ɗauko kujera 'yar tsugunne na zauna a ƙarƙashinta kamar mai gadi, bokitin wankin Hajiya a gabana, na gama matsewa ke nan. Sai ta farka da kuka. Haƙori take fitarwa a lokacin, jikinta da ɗan ɗumi. Na shiga. Na ba ta nono, na shafa mata dasashi, na taɓa goshinta, na taɓa nawa, na sake taɓa nata. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Da na fito ban ga waya ba. Zanin zumuntar mata na Mama na gani, wanda za ta ɗaura zuwa coci washegari, an baje shi a tsakiya. Gefensa rigunan makarantar 'ya'yan tela da labulen ɗakinsu. Sai safar wani malamin makaranta gwauro da ke ɗakin ƙarshe, wanda ban taɓa ganin ya yi wanki ba sai ranar. Can ƙarshe kuwa nafkin ɗin Hajiya ne reras. Mama ta ga na bar su a bokiti, ta taimaka ta shanya mini.

"Mama! Wayar kamfani ce fa!"

"Allah ya yi wa kamfani albarka," in ji ta, tana gyara bakin zaninta. "Dubi, ko tsatsa ba ta yi. Tun da na zo gidan nan ban ga igiya mai kyan wannan ba."

Ina ƙoƙarin sauke labulen tela ke nan Baban Hajiya ya yi sallama. Ya tsaya a bakin zaure, mita a hannu. Ni har na fara haɗa kalmomin ban haƙuri.

"Mama," ya ce a hankali, "wa ya ce a yi shanya a nan?"

"Sai an ce? Ɗana, abu a miƙe, a rana, daidai hannu, ga ruwa kusa. Me kake so a yi da shi, a gaishe shi a wuce?"

Matar tela ta leƙo ta taga. "Mu wallahi mun ɗauka sadaka ka yi wa gida."

Idonsa na kan wayar. Nauyin jiƙaƙƙen zanin ya ja ta ta yi ciki, ruwa na bin jikinta yana gangarowa, yana taruwa a inda ta fi saukowa, yana ɗiga. Ya sa yatsa ya tari ɗigo ɗaya.

"Mama, in sun bushe fa?"

"In kwashe abina mana. A wannan ranar? Kafin la'asar ko zare ba za ka gani ba."

"Kafin la'asar," ya maimaita. "Ga ruwa kusa."

Sai ya zauna daɓas a kan turmi ya kama dariya, har da riƙe ciki. Ni tsorata na yi, na ce shi ke nan, damuwa ta taɓa shi. Na je na taɓa goshinsa. Ya riƙe hannuna, da ƙyar ya iya magana.

"Famfon baya, Maman Hajiya! A can suke wanke jiki da tsakar rana!"

Ran Litinin bai zauna gaban kwamfuta ba, bai kuma je gun inji ba. Da aka tashi cin abinci sai ya zagaya ta baya. Yadda ya ba mu labari da yamma, ni da Mama muna zaune a tabarma, ya ce wayar tasa ba a ganinta don kaya. Zafi ne, ga ƙurar masara na manne wa mutum a jiki tana ƙaiƙayi. Masu loda buhu sukan tuɓe rigunansu su ɗauraye a famfo, masu salla su yi alwala, waɗanda ba sa yi su watsa ruwa a ka, kowa ya nemi inuwa kafin riga ta sha iska. Da can a kan ciyawa suke bazawa, ƙura ta sake hawa. Sai ga wata Litinin sun wayi gari an miƙe musu sabuwar igiya. Singileti, tawul, huluna, wando. Wani ya rataye kular abincinsa a jikin haɗin da aka naɗe da tef, don nan ne ba ta zamewa. Baba mai gadi ma ya ɗora bargonsa yana shan rana.

Ya ce wani ƙato daga cikin masu lodi ya gan shi ya ɗaga masa hannu. "Oga mai wuta! Ashe kai ka yi mana? Allah ya saka, ka tuna da talaka."

"Baba," Baban Hajiya ya ce wa mai gadi, "kai kana nan na ja wayar nan. Ka san ta inji ce."

"Na sani mana. Ai ban ɗora a kan inji ba."

Nauyin kayan ne ke jan haɗin yana buɗe shi, ruwan kuma ya bi waya ya shiga ƙarƙashin tef. In sun kwashe, rana ta busar da komai, haɗin ya koma ya zauna. Ya je ya kira Madam. Ta zo ta gani, ta yi dariya har ta zauna a kan buhun dusa. Sannan ta koma ofis ta tsaya a taga, ido ɗaya a kwamfuta, ta sa aka kwashe kayan, aka jira wayar ta bushe, aka ɗora jiƙaƙƙiyar riga ɗaya. Layi ya yi tsalle. Ta leƙo ta ce wa mai rigar, "Malam, ashe singiletinka ce ta tsayar mana da kamfani."

Manaja dai bai yi dariya ba. Ya tara masu lodi ya yi faɗa, ya ce a rubuta takarda a manna, an hana shanya. Bututu da sabon naɗin waya za su ɗan ɗauki lokaci kafin su iso, shi kuwa maganarsa na nan: layin ya natsu cikin makon nan, ko a kwance.

"Takarda?" in ji Mama. "Su shanya safa a kan takardar ma."

Ni ma ban yarda da takardar ba, don na san halin mai jiƙaƙƙen kaya a hannu. Yau zai ji tsoro, gobe ya duba hagu da dama, jibi ya ɗora. Mutum ɗaya ya isa ya mayar mini da miji bakin bel. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko sabuwar igiyata, shuɗiya, wadda na saya don damina ban ko kwance ta ba. Na ajiye a gabansa.

"Ka ɗaura musu tasu."

Ya dube ni, ya dubi igiya. Daga nan mu muka zama masu tsara hanya, shi yana saurare. Na ce ta fi wayar kusa da famfo, don mai kaya na ɗiga ba ya son tafiya. Mama ta ce kada ta shiga inuwar dogon yaro, tsuntsaye za su ɓata kaya a koma gidan jiya. Na ce ya ja ta ta miƙe sosai, igiya mai ciki ba ta shiga rai. Matar tela ta ce ya dubi mafi gajarta a cikinsu ya auna da shi, ba da kansa ba. Na ƙirgo masa rabin abin maƙale shanyata na zuba a leda. Mama ta kawo wani tsohon tawul ta ce shi zai fara ɗorawa da hannunsa, a gaban kowa, tunda an yi musu faɗa, kada su ɗauka ita ma tarko ce.

"Ita kuma wayar taka," ta ce, "ka kai ta inda sai mai tsani. Abin da hannu ke kaiwa na jama'a ne."

Da sassafe ya tafi. Ya hau tsani ya ɗaga wayar can sama, ya sake haɗin a cikin wani ɗan akwati mai murfi, ya ɗaura shuɗiyar igiya, ya ɗora tawul ɗin Mama. Ni ranar ban iya zama ba. Da rana ta take na share tsakar gida, na sake sharewa, har matar tela ta ce in bar musu ƙasa kaɗan. Bayan azahar wayata ta yi ƙara.

"Yana kwance," ya ce.

"Wa?"

"Layi mana. Ko motsin kirki ba ya yi. Igiyarki kuwa ta cika har ana rigima a kan wuri."

Haka ya kwanta har ƙarshen mako. Manaja ya zo ya tsaya a bayansu da tsakar rana, ya daɗe yana kallo, ya ce to, a sa wa sauran injinan. Da bututu ya iso, Baban Hajiya da Madam suka sake tsara hanya ta dindindin. Wannan karon ya bi kamfanin da safe, da rana, da lokacin tashi, ranar aiki, yana kallon inda mutane ke zama da inda suke jingina da inda suke rataye abu. Wayar ta bi ta saman katanga a cikin bututu, ta zagaye filin baya gaba ɗaya, babu haɗi ko ɗaya. Madam ta yi lissafinta ta ce muryar za ta iso ba ta gaji ba.

"Ta fi ta farko tsawo?" na tambaye shi.

"Ta fi, nesa ba kusa ba."

Na rangaɗa guɗa har Hajiya ta firgita.

Bayan an gama, wata rana na kai masa abinci da gangan, ban jira ya manta ba. Baba mai gadi ya nuna mini ofis. Na sami Baban Hajiya a kan kujera mai juyawa, gabansa layuka suna tafiya a hankali, kowane inji da nasa. Na leƙa ta taga. Ga igiyata can ta yi fari da rana, singileti na kaɗawa a kanta. Can bayanta, da nisa, ginin niƙa. Daga nan ƙararsa ba ta fi ta injin markaɗen unguwa ba. Na bi bututun da ido daga bango zuwa bango har ya shige, na ji wani abu da ya daɗe a tsaye a ƙirjina ya sauka.

Sai na ji sanyi a wuyana. Na ɗaga kai, ga esi mai sanyaya ɗaki a saman kansa daidai, yana huro masa a ƙeya.

"Baban Hajiya, haka kake yini a ƙarƙashin wannan?"

Madam ta ɗago daga teburinta. "Maman bebi, kin raba shi da bel, yanzu kuma me?"

"Mura, Madam. Ƙirjinsa ba ya son sanyi."

Washegari da rigar sanyi ya tafi aiki, a tsakiyar zafi, masu lodi suna yi masa sannu da jiki. Sukudirebar kuwa tana wurina. Da ita nake buɗe gwangwanin madara, in ba ya nan kuma nakan ɓoye ta a bayan buhun shinkafa, don kada wata rana ya yi marmari. Rigunan aikinsa na zauna na warware musu ɗinkin da na yi, ɗaya bayan ɗaya, Hajiya na rarrafe tana tsintar zaren. Guda ɗaya na bari a tsuke, ta ranar da za a kashe inji a shiga gyara. Ya ce ai in an kashe bel ba ya gudu. Na ce na sani, ya dai sa.